Takalma Goma da Kwalba Ɗaya

Shekarun baya, lokacin da ba a maganar komai sai korona, wani abu ya faru a gidanmu wanda har yau in na tuna sai in ji zuciyata ta yi laushi. Na daɗe ina son in rubuta muku shi, amma kun san ni da jan ƙafa. Yau dai an tashe mu daga makaranta da wuri, yayata kuma ta bar mini wayarta, bari in gwada.

Sai na fara faɗa muku aibina, don in ba shi labarin ba zai zauna ba. Tun ina ƙarama ba na iya kallon fuskar mutum. Baƙo ya yi sallama, kaina ƙasa. Malami ya yi tambaya, ko na san amsar, kaina ƙasa. Gaisuwata kuwa sai mutum ya ce "Na'am?" sau biyu kafin ya ji. Kakata, mahaifiyar babana, wadda duk gidan muke ce wa Iya, takan ce, "Ke kam me kika yar ne a ƙasan nan, shekara da shekaru ba ki tsinta ba?" Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, akwai abin kallo a ƙasa. Takalma. Na san wanda ke cinye dunduniyar takalminsa ta gefe ɗaya, na san wadda ke ɗaure silifa da ƙyalle, na san wanda ke sa ƙusa. A ƙauyenmu da ke yankin Furana akwai mutanen da ba zan iya kwatanta muku hancinsu ba, amma in na ga takalminsu a ƙofar ɗaki na san suna ciki.

Iya ta yi shekaru tana shanya tumatir tana kiwon awaki har ta biya kujerar Makka. Ta je bita, ta ɗinka fararen kayanta, ta sayi jaka ta ajiye a kan gado. Sai cuta ta zo aka rufe hanya. Shekarar farko ta wuce, ta biyu ma haka. Jakar nan ba ta sauka daga kan gadon ba. Duk Juma'a sai ta buɗe ta, ta kakkaɓe kayan, ta mayar.

Babana shi ne ɗanta na fari, kuma Iya 'yar dā ce ta gaske. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. In zai gaishe ta, daga bakin ƙofa zai durƙusa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. In tana son wani abu a wurinsa sai ta ce da ni, "Ki ce wa wancan gishiri ya ƙare," alhali wancan ɗin yana zaune taku uku daga inda take. Amma autanta, baffana da ke sana'ar waya a Zariya, shi kam har kan gadonta yake zama su yi ta musu kamar sa'o'in juna.

Da aka fara kawo allurar rigakafi, wani ya gaya wa Iya cewa duk ranar da aka buɗe hanyar Makka sai mai kati ne zai wuce. Ba ta tsaya jin ta bakin kowa ba. Lokacin kuwa surutu ya yi yawa a gari, kowa da abin da ya ji an ce allurar na yi wa mutum. Babana ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba abin da zai kai shi. Ni ce na raka ta ƙaramin asibitin ƙauyenmu, ɗaki biyu da baranda. Waɗanda suka zo ranar kamar sata suka zo yi. Kowa ya ja takunkumi har ƙarƙashin ido, maza sun danno hula, mata sun ja hijabi, ba mai gaida wani. Ma'aikacin ya ce kwalba ɗaya ta mutum goma ce, ba zai buɗe ba sai sun cika. Muka yi ta zama. Iya ta rufe ido tana ta salati, ni kuma ina zaune a ƙasa kusa da ƙafarta, ba abin yi, sai na shiga ƙirga ƙafafu. Har suka cika ashirin. Aka yi musu, aka ba kowa kati, aka ce a dawo bayan wata uku a yi ta biyu. Iya ta miƙo mini nata ta ce, "Riƙe, ke kike karatu." Na sa shi a tsakiyar littafin lissafina.

Wata ukun nan sai da ya zama kusan shekara.

Da farko allurar ce ta yanke. Muka ji a rediyon Iya cewa ƙasar da ake haɗa ta, su ma cutar ta rufe su, sun dakatar da aikowa sai sun yi wa nasu. Ƙawar Iya mai daddawa, wadda tare aka yi musu, ta ce wannan rashin imani ne, a fara wa mutum abu a bar shi a tsakiya. Iya ta ce, "Su ma suna da tsofaffi. In ni ce ke tuƙa tuwo, yarana na kuka a gindin murhu, ba maƙwabta zan fara miƙa wa ba. Allah ya yaye musu, sai su tuna da mu."

A cikin kwanakin ne baffana ya zo da sabon labari. Ya zauna a bakin gadonta yana shafa waya.

"Iya, kin san masu yin allurar nan yanzu su ne masu duniya? Ni ma na sa ɗan hannun jari a kamfaninsu. Ta waya ake saye, ba sai ka je ba."

"Wato kai ma yanzu kana cikin masu shi?"

"Eh to, ɗan kaɗan."

"Kaɗan kamar me?"

Ya sosa ƙeya. "Kamar ƙwayar masara ɗaya a rumbu."

"To, ƙwayar masara, ranar da kuka zauna taron masu kamfani, ka ɗaga hannu ka ce musu akwai wata tsohuwa a Furana da suka yi wa rabin aiki suka tafi."

Mahaifiyata da ke tankaɗe a tsakar gida sai da ta ajiye rariya don dariya. Tun daga ranar sunan baffana ya koma Mai Kamfani.

Daga baya allura ta dawo ƙasa, amma zuwa lokacin maganar cutar ta lafa, mutane sun koma harkokinsu, ba a sake kawo akwati ƙauyenmu ba. Kwatsam sai ga sanarwa an buɗe hanyar Makka, kuma kamar yadda aka faɗa, sai mai allura biyu. Babana ya ɗauki Iya a babur zuwa asibitin Ikara, ni a tsakiya, don ba za ta yarda ta dafa shi ba. Zuwan farko aka ce irin tata ta ƙare, wadda ke akwai wata iri ce. Zuwa na biyu akwai irin tata, amma muka wuni mutane ba su cika goma ba. Muka dawo haka nan. Jami'in alhazai kuma ya aiko cewa ranar Alhamis zai wuce Kaduna da takardu, wanda katinsa bai cika ba sai dai wata shekarar.

Ranar Talata da yamma mai unguwa ya sa aka yi shela: gobe Laraba za a kawo allura, duk wanda aka yi wa ta farko ya fito. Sai kuma Allah ya saukar da ruwan shuka kafin gari ya waye. Duk wanda ya san ƙauye ya san abin da wannan ke nufi. Kafin rana ta fito gari ya zama babu kowa, sai tsofaffi da kaji.

Ranar ban je makaranta ba, mahaifiyata ta ce in raka Iya. Wata malamar asibiti ce ta zo wannan karon, matashiya, ɗan acaɓa ya sauke ta da shuɗin akwati rataye a kafaɗa. Mutum huɗu ta tarar masu jiran allura: Iya, da ƙawarta mai daddawa, da ungozomar garinmu, da malamin firamare wanda dama shi bai taɓa ɓoye tasa ba. Muka yi awa biyu ba wanda ya ƙaru.

Iya ta ce, "Malama, ba za ki yi mana mu tafi ba?"

Malamar ta durƙusa a gabanta. "Iya, kwalba ɗaya ce ta rage mini ta irin taku. Da zarar na huda ta, awa shida ne ranta, abin da ya saura sai zubarwa. Makon jiya na buɗe wa mutum huɗu, na mutum shida ya tafi a banza, na sha faɗa a ofis. Ni sabuwa ce a aikin nan. An ce in ban ga goma ba kada in taɓa ta. In ba ku cika ba, gobe Saulawa za a kai ta."

Ta buɗe babban littafin da aka rubuta sunaye ranar farko, ta shiga karantawa ko za a aika a kira su. Tana karantawa, ungozoma tana cewa, "Wane ne kuma wannan? A garin nan?" Matar da ta yanke wa rabin garin cibiya ke nan. A wurinmu sunan yanka na ranar suna ne da ranar ɗaurin aure, sauran kwanaki kowa da laƙabinsa. Waɗanda suka zo a ɓoye kuwa sunan yankan suka bayar, da na ubansu, yadda ko maƙwabcinsu ba zai gane ba. Aka gwada lambobin waya, huɗu daga ciki duk ta mai cajin waya ce, ita ma a kashe.

Na ce, "Na san su."

Ba wanda ya ji. Na sake faɗa. Mai daddawa ta waiwaya ta ce, "Akuya ce ta yi tari?" Sai a na uku Malamar ta sunkuyo da kunnenta.

"Kin san su? Kin ga fuskarsu ranar?"

"A'a. Takalmansu."

Malamin firamare ya yi dariya, amma Iya ta ce, "Ku bar ta. In dai abin da ke ƙasa ne, ba a fi ta sani ba."

Malamar ta ɗan ɗaga murfin akwatin, ta zaro ɗaya daga cikin robobin ƙanƙarar da ke kewaye da kwalbar, ta girgiza ta a kusa da kunnena. Na ji ruwa yana motsi a ciki. "Kin ji? Ta fara narkewa. Ana kiran la'asar zan rufe in koma, dole kwalbar nan ta kwana a firji. Mutum nawa za ki kawo mini, 'yan mata?"

Na ɗaga yatsu shida.

"Kin tabbata?"

Na gyaɗa kai. Yau in na tuna yadda na gyaɗa kan nan da ƙarfi sai in ji kunya.

Mai shayin bakin masallaci na fara nufa, don shi kaɗai ne ba ya zuwa gona. Na tsaya a gefen teburinsa har sai da ya gaji da ni.

"'Yan mata, shayi ko burodi? Ko tsayuwar kika zo saya?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ce a hankali, "Baba, mai akwatin nan ta dawo. Ana jiran na biyu."

Ya dubi hagu, ya dubi dama. "Wa ya ce miki na yi ta farko?"

"Silifanka, Baba. Ɗaya ja, ɗaya shuɗi."

Ya sunkuya ya kalli ƙafarsa kamar yau ya fara ganinta. "Innalillahi! Na rufe fuska har ido, ashe ƙafa na bari a waje." Na gaya masa maganar Makkar Iya da ta Alhamis. Ya rufe tukunyar shayinsa da buhu, ya ce in wuce zai bi ta bayan gari.

A nan na fara gane wani abu. Shelar mai unguwa kowa ya ji ta, shi ya sa ba wanda ya fito, don duk wanda ya tashi an san inda za shi. Muryata kuwa, wadda ake yi wa dariya a aji, daga bakina sai kunnen mai ita.

Na bi hanyar gonaki. Masu shuka ba sa shuka da takalmi, da dunduniya ake rufe rami, don haka kowa yakan tuɓe nasa ya bari a gindin bishiyar bakin gona. Ban sha wahala ba. Tafiya kawai nake yi ina karanta gindin bishiyoyi. A ƙarƙashin wata ɗorawa na ga takalmin taya mai igiya biyu a dama, ɗaya a hagu. Can gaba na ga takalmin ruwan da aka yanke wa wuya. Kusa da rugar bayan gari na ga na roba baƙi mai tabon wuta a hanci. Kowannensu sai na tsaya a bakin gona har ya kawo ƙarshen kunya, in durƙusa, in ce sannu da aiki, in faɗi saƙona. Mai takalmin taya ya ce, "Yau? Yau da ƙasa ta jiƙa? Ko biki ake yi a asibitin ba ni zuwa." Na tsaya ban tafi ba. Ya yi kunya ɗaya ya dawo ya tarar da ni. Ya sake yin wata ya dawo ya tarar da ni. Sai ya jefar da sungumin ya ce, "Kai, wannan yarinya da naci! Iya ce ta yi wa matata zaman jego lokacin da ba mu da kowa. Mu je."

Ta biyar wata amarya ce mai takalmi mai duwatsu, ɗaya dutsen ya fita. Zuwa lokacin ba amarya ba ce, har da goyo, takalmin ma ya zama na shiga banɗaki. Ta ce mai gidanta ba ya nan. Surukarta daga cikin ɗaki ta ce, "Tafi. In ya dawo ki ce ni na aike ki."

Saura ɗaya. Koren silifa ne mai ɗaurin ƙyallen atamfa, kuma na san inda yake, don na sha ganinsa a ƙafar wata matashiyar mata a wurin injin niƙa. Gidansu shi ne na ƙarshe, dab da gonakin rake. An riga an yi azahar, rana kamar ta tsaga kai, amma har ɗan gudu nake yi don murna. Na tarar da silifan a ƙofar ɗakinta. Na yi sallama, na gaishe ta, na faɗi saƙona.

Ta daɗe tana kallon silifan. Sai ta ce, "Allah sarki. Ai ba ni ba ce. Na surukata ne. Bayan rasuwarta na ga da sauransu, na ci gaba da sawa."

Na san tsohuwar, har gaisuwar mutuwarta na raka mahaifiyata. Ban taɓa haɗa ta da koren silifa ba.

Matar ta ce, "Ranar nan fa cewa ta yi barka za ta. Ashe allura ta je." Ta yi dariya, sai kuma ta sa bakin zane ta goge ido. "Mun ga wani kati a ƙasan kwallarta, ba mu san na mene ne ba."

Na tattaro duk ƙarfin da ke jikina na tambaye ta ko ita za ta zo a yi mata. Ta ce mai gidanta ya tafi kasuwar Makarfi, ba za ta fita ba da saninsa ba. Na yi mata sallama na juyo.

A hanyar komawa sai na bi ta gonarmu, ba don komai ba sai don ita ce hanya mafi kusa. Babana yana saran shuka. Ya ga idona ya ce, "Ke, wa ya taɓa ki?" Na gaya masa duka, ina yi ina shessheƙa, har da yadda na ɗaga yatsu shida. Ya tsaya riƙe da sungumi yana kallon nesa. Na zaci zai ce wani abu. Sai ya ce, "Je ki, kada Iya ta neme ki," ya ci gaba da sara.

Na tarar da su tara a baranda. Mai shayi yana tsokanar mai takalmin taya: "Ashe har da kai? Kai da ka fi kowa zagin abin a teburina?" Shi kuma ya ce, "Kai fa? Ba kai ka ce ko a mafarki ba?" Da suka ga na shigo ni kaɗai sai duk suka juyo kaina. Na faɗi abin da ya faru, aka yi wa tsohuwar addu'a. Malamar ta ce ko sabon shiga ne a samu, in dai ya cika goma. Mahaifiyata tana cikin arba'in ɗin jego, ba ta fita. Na nannaɗe hannun hijabina na miƙa mata nawa. Ta riƙe hannun ta mayar mini da shi a hankali ta ce, "Shekarunki ba su kai ba, 'yan mata."

Ta girgiza robar ƙanƙara. Wannan karon ba sai an kai kunne ba. Ta gwada kiran ofis sau biyu, ba a ɗauka ba. Ta dubi Iya, ta dubi jakar hannunta, sai na ga ta ciji leɓe ta zaro kwalbar, 'yar ƙarama, ba ta kai babban yatsana ba.

Iya ta ce, "Mayar."

"Iya, tara ne, zan san abin da zan ce musu."

"Na ce ki mayar, 'yata. Ba za ki rasa aikinki saboda ni ba. Kuma na goman nan rabon wani ne. Shekara guda na yi ina jiran abin nan, na san yadda jiransa yake. Ba za a zubar da na wani a ƙasa don in hau jirgi ba. In da rabo, baɗi."

Ta faɗi haka muryarta ba ta rawa. Amma ni da ke kallon ƙasa na ga yatsun ƙafarta sun danne takalmi har sun yi fari.

Ladan ya fara gwada lasifika. Malamar ta mayar da kwalbar, ta ɗora hannu a kan murfi. Ina durƙushe ina kallon siminti, sai ga wasu ƙafafu sun hau matakalar baranda, laka har idon sawu, an zura su a takalmi ba a ko wanke ba. Takalmin da nake gogewa duk Juma'a ne.

Babana ya yi sallama, ya zauna a ƙarshen benci, ya ce, "An ce ana neman na goma."

Iya ta juya fuskarta bango.

Malamar ta buɗe littafi da sauri tana rubuta sunansa. Ta ce, "Iya, ɗanki ne?"

Iya ta ce wa bangon, "Na gidanmu ne."

Aka huda kwalba. Malamar ta ce a fara da sabon shiga kafin ya canja shawara. Sai a lokacin na lura babana gumi yake yi, ba irin na gona ba. Mutumin da na taɓa gani ya kama maciji da hannu. Mai shayi ya buɗe baki zai yi tsokana, ungozoma ta harare shi ya haɗiye.

Sai na ji muryar Iya, can ƙasa-ƙasa, fuskarta na bango.

"Ke. Ki ce wa wancan kada ya kalli hannun. Ya kalli bishiyar can, ya ja numfashi."

Ban isar da saƙon ba, don ya riga ya ji. Ya juya ya kalli bishiyar darbejiya, ya ja numfashi. Kafin ya sauke, Malamar ta ce, "An gama, Baba." Ya ce, "Har an yi?" Barandar ta kwashe da dariya, har Malamar. Iya ce ta biyu. Wannan karon ko ido ba ta rufe ba.

A hanyar gida, bayan babana ya koma gona, ta ce da ni, "Tun yana yaro haka yake. Ranar da aka zo yi musu lamba, rigakafin zamaninsu, sai da mutum uku suka riƙe shi, ya kwana biyu ba ya yi mini magana." Ta yi 'yan taku. "Duk surutun da yake yi na lafiyarsa ƙalau, na san tsoro ne. Shi ya sa ban ce a kira shi ba." Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji ta yi a kansa.

Kati ya tafi Kaduna ranar Alhamis. Baffana ya bugo waya, Iya ta ce masa, "Mai Kamfani, ka ce musu saƙo ya iso, an gode, amma su riƙa yin ƙananan kwalabe." Ana gobe za ta tafi ta sa na jero mata mutanen nan ɗaya bayan ɗaya don ta yi musu addu'a a can. Da takalma na jero su, da takalma ta haddace: mai ja da shuɗi, mai taya, mai duwatsu, har da mai koren silifa. Ta ce Allah ya san masu su. Ta ƙara da Malamar, da waɗanda suka haɗa allurar a ƙasarsu, su da tsofaffinsu.

Da safiyar tafiyar, gida cike da 'yan rakiya, babana yana ɗakin mahaifiyata yana karyawa, takalminsa a bakin ƙofa. Iya ta fito kamar za ta zaga. Ta zari tsinke ɗaya daga tsintsiya, ta sunkuya, ta gwada shi a kan takalmin daga dunduniya zuwa hanci, ta karya daidai tsawonsa, ta soke a cikin lalitarta. Duk mutanen da ke tsakar gidan nan ba wanda ya gani. Fuskoki suke kallo.

Da ta dawo daga Makka ta raba dabino da zamzam da tasbaha, ta ba ni wasu fararen takalma ta ce, "Tunda ƙasa kike kallo, ga abin kallo." Sai da kowa ya watse ta zaro wata leda daga can ƙasan jaka ta ce, "Kai wa wancan." Baƙin takalmin fata ne. Ya zura ƙafa, kamar a kanta aka ɗinka shi. Ya ce, "Ya aka yi ta san lambata?" Na ce ban sani ba. Ƙaryar da na taɓa yi wa babana ke nan.

Yanzu ina babbar sakandare. Na ɗan fara ɗaga kai, ko da yake har yanzu takalmin mutum nake fara gaisarwa. Maganar korona ta wuce, baffana ya ce jarin nasa ma ya kwanta, amma sunan Mai Kamfani bai bar shi ba. Allurar babana ta biyu kuwa kada ku tambaye ni, wata huɗu aka yi ana fama.

Da can ina jin haushin kaina, ina ganin duk wanda ba ya iya faɗin abin da ke ransa da ƙarfi kamar bai da komai a ran ne. Ban ƙara tunanin haka ba tun ranar nan. Iya har yau ba ta kama sunansa ba, har yau bango take amsa wa gaisuwa. Shi kuma ba ya sa takalmin nan sai Juma'a, kuma ya hana ni goge shi, da kansa yake yi. In ya dawo masallaci ya zo gaishe ta, yakan tuɓe shi a bakin ƙofarta, ya jera su daidai inda idonta zai sauka in ta gaji da kallon bango.